Yadda Barmini Ya Rage Wa Tuba Nauyi

Ranar da likita ya ce wa Baba bayansa ba zai ƙara ɗaukar tuba ba, Baba bai yi musu ba. Ya yi godiya, ya dawo gida, ya zauna a falo yana kallon tubar. Ita ma tana jingine a kusurwa da baki a hangame, kamar tana jiran a yi mata bayani.

Tuba ita ce babba a cikin ƙahonin badujala. Bututan tagulla ne da suka nannaɗe juna, ga faffaɗan baki a sama, rungumarta ake yi kamar an ɗauko ɗan maraƙi. Baba ya fara busa ta tun kafin ya yi aure, kuma a tsaye yake busa ta. Da ya yi ritaya sai shi da tsofaffin abokan aikinsa suka haɗa tasu badujalar, ana gayyatarsu duk inda za a buɗe sabon gini. Shugabansu, wanda suke kira Madugu, shi ya fara zuwa duba shi.

"Abin ai mai sauƙi ne," in ji Madugu. "Sai mu sa maka kujera."

"A gaban jama'a?"

"Mai ganga ma zaune yake."

"Mai ganga ba da ciki yake numfashi ba. Ni ranar da na zauna, ranar na daina."

Madugu ya sosa ƙeya. Ya ce ranar Asabar za a buɗe sabuwar gadar masu tafiya a ƙasa, kuma an riga an sa su cikin tsari. Ya ƙara da cewa, ba don komai ba, akwai wani matashi mai faɗin ƙirji da ke yawan zuwa wurin atisaye yana tambayar lafiyar Baba.

A daidai nan Barmini ya yi sallama. Mijin babbar 'yar Baba ne, suna zaune a hawa na sama, Baba yana ƙasa. Aikinsa awon kaya a wani kamfanin aika saƙonni: a kawo kwali, ya ɗora a sikeli, ya karanta abin da sikeli ya ce. Amma a nasa bayanin, sikelin yana tabbatar da abin da idonsa ya riga ya gani ne kawai. Sunan kuwa daga bakinsa ya samo shi, don ba a taɓa ambaton matsala a gabansa ba, daga famfo mai yoyo har rikicin ƙasashe, bai ce "ku bar mini" ba.

Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Madugu, ya ji abin da ake ciki, sai ya yi murmushi.

"Baba, ashe maganar nauyi ce? Nauyi ai ofishina ne. Ku bar mini."

Matarsa, wadda ta shigo da shayi, ta ajiye tire a hankali. "Maigida, akwai shagon kayan kiɗa a bakin babban titi. A kai Baba ya gwada da kansa, ya tsaya, ya busa, ya ji wadda ta yi masa."

"A wahalar da dattijo da shiga mota ina raye? Ni ne idonsa, ni ne bayansa."

"Bakinsa fa?"

"Baki ba ya cikin maganar nauyi."

Baba ya kurɓi shayi. Barmini ya ɗauki hakan a matsayin izini.

Washegari ya shiga shagon yana goye da hannuwa a baya. Mai shago ya nuna masa tuba kala-kala, wata ƙarama, wata ta roba mai ƙarfi, wata mai ɗamarar ratayawa, ya ce ya fi kyau a kawo mai busar ya gwada.

"Tsawonsa kamar yaya?" in ji mai shago.

"Daidai ne."

"To ɗaga wannan ka ji."

"Ba na ɗaga kaya. Kallo nake yi." Ya runtse ido ɗaya ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza kai. Can sai idonsa ya kai saman ƙofa, inda wata tuba ke rataye tana walƙiya, iskar fanka ma tana kaɗa ta. "Waccan fa?"

"Waccan ba ta sayarwa ba ce."

"Na sani. Kullum mai kyan ba ta sayarwa ba ce."

"Ba a busa ta, Malam."

"Don ba ku samu wanda ya iya ba."

"Ado ce fa."

"Shi ma mutum ne mai son ado."

Mai shago ya dube shi, ya dubi tubar da ya daɗe yana neman yadda zai rabu da ita, ya ɗauko tsani.

Da yatsa ɗaya Barmini ya shigo layinsu da ita, kuma bai bi ta gajeriyar hanya ba. Tela, wanda shagonsa ke ƙasan ginin, ya tsayar da keken ɗinki. Mai walda na tsallaken titi ya ɗage gilashin fuskarsa.

"Barmini, yaushe ka yi wannan ƙarfi?" in ji Tela.

"Ba ƙarfi ba ne, sani ne. Ku zo ku ga aiki."

Suka bi shi har falon Baba. Baba ya miƙe, ya karɓa, hannunsa ya yi sama don ya shirya wa nauyin da bai zo ba. Ya gyara tsayuwa, ya kai baki, ya busa. Kumatunsa suka cika, idanunsa suka yi ja, ba abin da ya fito. Ya cire baki ya leƙa.

"Yaro, babu ƙofa."

"Sabon samfuri ne, Baba. Ba ta ɓarnar iska."

"Wannan wayar da ke lilo a bayanta fa?" in ji matar Barmini.

Kafin Barmini ya samo amsa, Tela ya kama wayar ya soka a bango. Bakin tubar ya kama da ƙananan fitilu, ja da kore, suna kunnuwa suna mutuwa suna zagayawa. Kowa ya zuba wa fitilun ido.

"Tana da kyau," in ji Baba. "Sai dai mutane da kunne suke zuwa."

Barmini ya zare wayar. "Wannan gwaji ne na share fage. Yanzu na gano inda matsalar take."

Inda matsalar take, a ganinsa, shi ne yawan bututu. Ya jira Baba ya tafi aski, ya shiga falo da bokiti. Ya lura wasu lanƙwasassun bututan tsohuwar tubar suna zaruwa idan an ja su, sai ya bi su yana zarewa yana jefawa a bokiti, yana yi wa matarsa bayani ta taga.

"Dubi yadda ake sa iska zagaye-zagayen banza. Ta shiga nan, ta je can, ta dawo. Wa ya aike ta? Hanya ɗaya ta ishe ta."

"Maigida, ka mayar kafin ya dawo."

"Ɗaga bokitin nan ki ji. Duk wannan fa bayan mahaifinki ne ke ɗauka."

Baba ya dawo kai fes, aka miƙa masa tuba. Ya dube ta kamar yadda ake duban ɗan'uwan da ya daɗe a asibiti. Duk da haka ya kai baki ya busa, yana danna maɓallai. Iska ta fita ta ko'ina da wani irin tsaki mai tsawo, labule ya ɗaga. Tela ya fito a guje ya duba tayar babur ɗinsa. Mai walda ya kashe tukunyar gas ya ƙetaro titi yana tambayar gidan wa ne ke yoyo.

"Ta yi sauƙi ko ba ta yi ba, Baba?" in ji Barmini.

"Ta yi."

"To kun ji."

"Kai ma in aka cire maka hanji za ka yi sauƙi."

Baba ya zauna da bokiti a gabansa ya mayar da kowane bututu gidansa, yana goge shi da tsumma. Matar Barmini ta ja mijinta zuwa matakala.

"Asabar ta matso. Ka bar ni in kai shi shago."

"Yanzu da na zo ƙarshen bincike? Kuskuren kowa, har da likitan, shi ne ana ta neman tuba mara nauyi. Ni tambayata ita ce, me ya sa Baba zai ɗauke ta tun farko? A bar ta ta ɗauki kanta."

Da yamma ya dawo daga aiki da wata kujerar ofis a kansa, irin mai tayoyi da ke juyawa, wadda aka jefar bayan sito don majinginarta ta karye. Ya dire ta gaban mai walda, ya zana masa abin da yake so da alli a ƙasa: a cire mazaunin, a yi kwandon ƙarfe a saman sandar, yadda tuba za ta zauna a ciki.

"Rodi mai kauri za ka sa," in ji Barmini.

"Zai yi nauyi."

"Ba mu za mu ɗauka ba."

"Ni dai abin da aka zana mini nake yi," in ji mai walda, ya sauke gilashinsa.

Abin mamaki, abu ya yi. Aka shimfiɗa soso a kwandon, aka zaunar da tuba, aka daidaita tsawon da ɗan hannun da ke ƙarƙashin kujerar har bakin busa ya zo daidai leɓen Baba. A cikin dogon barandar ginin aka gwada. Baba ya tsaya cak, ya ɗora yatsu a maɓallai, ya busa. Gilasan tagogi suka amsa. Ya busa waƙa guda har ƙarshe, ya sake ta daga farko. Matar Barmini ta juya baya ta goge ido da gefen mayafi.

Barmini kuwa barandar ta yi masa kaɗan. Ya sanar da Tela cewa kamfanonin waje za su zo nemansa, kuma ba zai saurare su da wuri ba. Ya ce wa mai walda ya fara neman babban shago.

"Tayoyin fa?" in ji matarsa.

"Taya ai ita ce fasahar. Da ita Baba zai yi maci."

"Ba birki?"

"Birki na abin da ke gudu ne. Kin taɓa ganin tuba tana gudu?"

Ranar Asabar gari ya yi kyau, jama'a ta cika. Gadar tana da doguwar hanya mai gangare, sumul kamar faranti, don masu keken guragu da masu tura kaya. A ƙasan gangaren aka ɗaura jan ƙyallen da babban baƙo zai yanka, kujerun manya suna fuskantarsa. Masu shirya taro suka ce badujala ta hau can sama, inda kowa zai gan ta.

Barmini ya turo ƙirƙirarsa da kansa, yana sanye da kwat ɗin da ya yi aure da ita. Ya tsayar da ita a sahun gaba, dab da inda gangare ya fara.

"Matsar da ita baya kaɗan," in ji Madugu.

"In ta yi baya wa zai gan ta?"

"To a sa dutse a ƙarƙashin taya," in ji matar Barmini.

Barmini ya tsuguna, ya runtse ido ɗaya, ya kalli siminti. "Wurin nan a miƙe yake. Idona ya fi ma'aunin magina. Dutse zai ɓata hoto."

Madugu ya ɗaga sanda, aka fara. Baba na tsaye cikin farar rigar badujala, kafaɗu a sake, muryar tuba tana fita daga ƙasa kamar hadari na haɗuwa. Can cikin jama'a matashin nan mai faɗin ƙirji ya harɗe hannuwa yana kallo. Barmini ya tsaya a gefe yana gyaɗa wa mutane kai, duk da ba shi suke kallo ba.

Sai sandar kujerar ta fara nutsewa. A baranda ba ta daɗe da kaya a kai ba, yanzu ga rodi ga tuba ga rana. A hankali take sauka, bakin busa yana sauka da ita, Baba yana binsa. Ya sunkuyar da kai. Ya lanƙwasa gwiwa. Ya ƙara lanƙwasawa. Bai tsallake ko bugu ɗaya ba.

"Kai, tsohon nan har da salo!" in ji wani daga ƙasa, aka yi tafi.

Matar Barmini ta mintsine shi. Ya rarrafa ta bayan mai ganga, ya kai hannu ƙarƙashin kwandon, ya ja ɗan hannun. Tuba ta faɗa ƙasa gaba ɗaya, Baba ya tsuguna tare da ita yana busawa, idonsa ɗaya a kan surukinsa.

"Yanzun nan, Baba. Ɓangaren saukarwa na gwada."

Ya sa kafaɗa ya cicciɓi kwandon, ya sake jan hannun. Sandar ta miƙe har ƙarshenta. Baba ya tashi tare da ita har ya tsaya a kan yatsun ƙafa, wuya a miƙe kamar mai leƙen katanga. Barmini ya rungumi kwandon zai danno shi ƙasa, takalminsa na aure ya zame a kan sabon siminti, tayoyin gaba suka leƙa gangare.

Baba ya bi ta taku ɗaya, taku biyu, yana busawa. A na uku ya tuna da likita, ya tsaya. Bakin busa ya zare ya zauna a hannunsa. Sauran tubar ta kama hanya, Barmini yana kwance a kanta da ciki, ƙafafu a iska.

Mai ganga, da ya ga abu na gudu, sai ya ƙara sauri. Masu ƙananan ƙahoni suka bi shi. Madugu ya ci gaba da kaɗa sanda don bai ga amfanin tsayawa ba. Kujera kuwa, da yake mai juyawa ce, tana gangarawa tana juyi, jama'a su ga fuskar Barmini, su ga bakin tuba, su sake ganin fuskar Barmini.

"Ku ba da hanya!" yake ihu idan fuskarsa ta zo. "An san da shi!"

Babban baƙo ya riga ya miƙe, almakashi a buɗe a hannunsa, yana murmushi wa mai hoto. Tuba ta zo ta ciki ta ɗauke jan ƙyallen, ta wuce ta gabansa da shi yana kaɗawa a bayanta. Mai gabatarwa, wanda kansa ke sunkuye a takarda, ya ji ihun jama'a, ya ɗago ya sanar cewa an buɗe gada.

Tarin yashin da magina suka bari ne ya karɓe su. Tayoyi suka nutse, kwando ya tsaya, Barmini da tuba suka ci gaba kaɗan. Ya sauka a kan bayansa, ita kuma ta sauka a kan cikinsa, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Taya ɗaya ta ɓalle ta yi gaba ita kaɗai ta shige ƙarƙashin kujerun manya, manya suna ɗaga ƙafa bi da bi.

Babban baƙo ya ƙaraso, har yanzu almakashin a buɗe. "Malam, wannan yana cikin tsarin taro?"

Barmini ya tofar da yashi. "Ranka ya daɗe, gwajin gangare ne. Ina mai farin cikin shaida maka ya ci jarrabawa."

"Wa ya sa ka?"

"Kishin gari, ranka ya daɗe."

Tela da mai walda suka ɗaga tubar daga kansa. Mai walda ya duba kwandonsa ya ce wa duk mai son ji, waldar dai ba ta saki ba.

Badujala ta sauko ƙasa, don saura waƙar rufe taro. Madugu ya sa aka jawo kujerar roba aka ajiye bayan Baba, bai yarda sun haɗa ido ba. Matashin nan ya riga ya matso sahun gaba yana naɗe hannun riga. Baba ya dubi kujerar, ya dubi matashin, ya mayar da bakin busa wurinsa, ya karkaɗe yashi daga maɓallai.

"Yaro," ya ce wa Barmini, "zo nan."

"Baba, in aka canza tayoyin..."

"Juya. Sunkuya. Ƙara kaɗan. Dafa gwiwoyinka."

Aka ɗora masa tuba a gadon baya. Baba ya ce ya ɗago kaɗan, ya ɗago. Ya ce ya yi hagu, ya yi hagu. Bakin busa ya zo daidai leɓe. Baba ya gyara tsayuwa, ya gyaɗa wa Madugu kai.

Barmini bai taɓa sanin tuba daga ƙasa ba. Duk lokacin da Baba ya sauka zuwa murya mai zurfi, sai haƙoransa su kama kaɗawa, ya ji ta har cikin ƙoda. Ruwan da ke taruwa a bututu ya samu hanya ya riƙa ɗiga masa a ƙeya, yana bin wuyan kwat. Waƙar rufe taro doguwa ce, kuma da aka gama jama'a suka yi ta tafi har babban baƙo ya ce a maimaita. Matashin ya warware hannun rigarsa ya tafi.

"Ka ga abin da nake nufi ke nan tun farko," in ji Barmini daga ƙasa, yana yi wa takalman Tela magana. "Sauran duk share fage ne. Wannan tsarin ba ya buƙatar taya, ba ya..."

"Daina motsi," in ji Baba.

Da aka watse, aka sauke masa kayan, bai miƙe nan da nan ba. Ya ce yana nazarin simintin ne. Madugu ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce wa Tela ya auna shi a ɗinka masa farar riga, don kwat ba ta dace da sahu ba, sannan ya shaida masa atisaye duk Talata ne da Alhamis, kuma ba a makara.

Matar Barmini ta riƙo hannun mahaifinta suka nufi mota. "Baba, gobe da safe zan kai ka ka zaɓi mara nauyi da kanka."

"Babu gaggawa," in ji Baba. Ya waiwaya ya dubi surukinsa, wanda ke tafe a sunkuye yana yi wa mai hoto bayani. "Wannan ma ta yi mini daidai, ban ji nauyin komai ba. Surutu ne kawai ya yi mata yawa."